Mai Gadin Makarantar da Tafki Ya Haɗiye

Shekara goma sha tara ina riƙe da makullin nan.
Har yau yana wuyana, a zaren roba,
ko da yake ƙofar da yake buɗewa
tana can ƙasan ruwa, gaba biyu.

Ba irin ambaliyar nan ba ce mai ruri,
mai fasa gida da tsakar dare ta bar mutane da labari.
Baringo bai ɗaga murya ba.
Taku ɗaya yake yi ya tsaya, kamar baƙo mai kunya,
gobe ka tarar ya ɗan gyara zama.
Da filin ƙwallo ya fara,
yara na ta dariya, wai tarwaɗa ce mai tsaron gida.
Sai ya shiga aji ɗaya,
kafin wata uku yana aji takwas.
Ban taɓa ganin ɗalibi mai ƙwazo kamarsa ba.

Kullum da safe nakan tuƙa kwalekwale zuwa sandar tuta,
in yi mata tsaga da wuƙa daidai bakin ruwa.
Tsagar jiya, sai dai in lalube ta da hannu.
Kada na shan hantsi a rufin ofishin hedimasta,
dorina na hamma inda Malama Jeptarus ta shuka wake.

Ran Laraba wani yaro ya zo daga ofishin gunduma,
Kipsetim sunansa, takalminsa na ƙyalli.
Ya shimfiɗa taswira a kan jarkoki biyu:
ja, rawaya, kore.
Ya ce, ja ruwa ne, Baba Lekesio, ku tashi.
Na ce, mu tashi zuwa ina?
Ya ɗora yatsa a kan tudu.
Na ce, can ne dutse ya gangaro da laka bara waccan,
ya binne surukina da awakinsa sha huɗu.
Ya matsar da yatsa gabas.
Na ce, can rijiya ta ƙafe,
ƙashin shanu ya fi ciyawa yawa.
Koren kuwa bai kai farcen jariri ba,
an ma zagaye shi da waya,
mai shi na Nairobi.

Ya daɗe yana kallon takardar.
Nalangu ta miƙa masa shayi, ya riƙe bai sha ba.
Can ya ce, ƙasa-ƙasa,
mahaifiyarsa ma cikin ja take kwana.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta,
shafa wa naka ruwa.
To, in ruwan ne ya kama gemun fa?

Kakata takan ce tafkin ya taɓa zuwa nan
tun tana goye, ya koma don kansa.
Mu muka ga fili, muka kafa tubali a shimfiɗarsa.
Wataƙila bai ci mana komai ba,
gida ya dawo ya tarar da mu.
Amma kabarin ubana fa?
Shi ma kuskuren awo ne?

Abu ɗaya na ƙwato: ƙararrawa,
tsohon ƙarfen tayar mota, ya yi tsatsa.
Na rataye shi a bishiyar ƙaya, kan jigawa,
inda aka kafa wa yara tanti uku.
Ƙarfe bakwai nake buga shi, ba fashi.
Suna zuwa, wasu a ƙafa, wasu a jirgi,
littattafai a leda, a ɗaure a ka.
Jikata Simaloi ta ce in ba ta makullin ta yi sarƙa.
Na ce ta bari tukuna.

Shekaranjiya na ga danshi a gindin bishiyar,
alhali sama ba ta zubar da ko ɗigo ba.
Ban gaya wa kowa ba.
Na dai zauna,
na wasa wuƙata.